Ƙanena Ya Ƙi Maganin Hawan Jini, Ni Ne Hujjarsa

Daga Admin: Wani dattijo daga cikin 'yan wannan zaure ne ya aiko da wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. Mai shawara ya bayar cikin ladabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, jama'ar wannan zaure, manyanku da ƙananku. Don Allah ku ba ni shawara. Ban saba furta wannan kalma ba, domin ni ne wanda ake tuɓe takalmi a ƙofar zaurensa a nemi shawara, shekaruna sun haura tamanin, na yi aikin malamin auduga a kasuwannin ƙasar Funtua tun ana awo da sikelin rataye har na ajiye aiki da mutuncina, na kuma san da yawanku jikokina ne a haife. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Maganata tana da tsawo, ni kuwa ban iya irin rubutunku na yanzu da ake gutsure wa kalma kai da ƙafa ba, saboda haka wanda ya ƙosa ya wuce, wanda ya tsaya Allah ya saka masa da alheri.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ina da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu kaɗai muka rage a 'ya'yan ɗakinmu, zan kira shi Malam Sale ko da yake ba sunansa ke nan ba. Tun da na ajiye aiki na koma gida, katanga ɗaya ce tsakaninmu, akushi ɗaya muke ci. An auna shi an ce jininsa ya hau ƙwarai, an rubuta masa magani ya ƙi sha, ya ce ƙaho ya ishe shi. Hujjar da yake kafawa kuwa ni ne. Ranar Asabar mai zuwa wanzamin gidanmu zai zo ƙahon bazara kamar yadda aka saba, kuma bisa al'ada ni ne zan fara zama a gabansa. Ba za ku gane nauyin wannan zama ba sai na koma da ku baya, zamanin mahaifinmu.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, gawurtaccen manomi ne a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur, Mai Gandu ake ce masa. A shekarun farko na bayan samun mulkin kai, lokacin ina saurayi Sale yana bi mini, dawa da auduga muke nomawa, rumbunanmu matafiyi ke kwatance da su. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, wuyansa kamar turmi, in ya yi tsawa a wannan gona ana amsawa a waccan. Ba ya rabuwa da abu biyu, goro, da battarsa ta taba gari wadda yake haɗawa da kanwa ya dunƙula a leɓe. Miya in ba ta ji gishiri ba sai ya ture akushi ya ce wa ya aiko masa da ruwan wanke hannu. Da shekaru suka fara ja sai ya shiga kukan ƙeya, wai kamar an ɗora masa dutsen niƙa, kunnuwansa suna yi masa kukan gyare da rana tsaka, wani lokaci kuma haɓo ya ɓalle masa yana tsakiyar magana. Abin da ya ruɗe mu shi ne, in haɓon ya zuba sai ya ce ya ji sakayau. Saboda haka kowa ya haƙiƙance jini ne ya yi masa yawa yana neman ƙofa. Kalmar hawan jini ba mu taɓa jin ta ba a lokacin, ɗakin shan magani yana da nisa, mai zuwa can kuwa sai mai gyambo ko wanda maciji ya sara.

Maganin yawan jini a wurinmu sananne ne. Kowace shekara in zafin bazara ya kai iyaka, gab da faɗuwar ruwa, wanzamin gidanmu, Sarkin Aska, yakan zo da zabirarsa, a shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida. Babba shi ne farko, sa'an nan mai bi masa, har a kai kan samari. A aske ƙeya, a kafa ƙaho a tsotsa, a cire a tsattsaga wurin da aska, a sake kafawa, in ya cika a juye a sakaina kowa ya leƙa. Jinin yakan fito baƙi ya daskare, Sarkin Aska ya tona shi da tsinke ya ce, "Kun ga mugun, da ya shekara a ciki da ya yi ɓarna." Ranar ba a shiga rana, ba a taɓa fartanya, sai a sha fura a kishingiɗa. Akwai maƙwabcinmu Bamaguje, Nomau, abokin wasan Baba kuma abokin gasarsa a noma, ba ya rasa wannan zama. Yakan dogara sandarsa ya ce, "Kai dai Mai Gandu ka cika asara, jinin da ka tara da tuwon shekara shi za ka ba ƙasa ta sha? Zo in ba ka ƙwarya guda ta wanke ka tas." Baba ya ce, "Tafi can, wanda cikinsa ya zama tulun giya har yana da bakin ba da magani." A yi ta dariya, ƙahoni suna rawa a wuyan Baba.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya yi sammako. An sa ranar ƙaho, sai ga hadari ya riga ta, aka sheƙa ruwan shuka wanda ya ratsa ƙasa sosai. Da safe Sarkin Aska ya iso da zabira ya tarar Baba ya saɓa sungumi. Ya ce masa ya zauna ko ƙaho biyu ne a kafa, Baba ya ce in ya zauna ya rasa yinin nan ke nan, ga shi kuwa ya ji Nomau tun asuba yana gona da 'ya'yansa. Wanzami ya nace, ya ce idanunka sun yi ja Mai Gandu, Baba ya ce, "Ƙaho ba ya gudu, danshi ke gudu. Ka dawo in an gama shuka." Ya sa aka ba shi damin dawa don kada ya koma hannu rabbana. An gama shuka sai ga ciyawa, aka shiga noman farko, wanzami ya aiko Baba ya ce a bari a yi gayyar huɗa tukuna. Haka aka yi ta ɗagawa.

Ranar gayya mutanen ƙauyukan kewaye suka hallara a babbar gonarmu, makaɗa suna zuga, mata suna kawo fura da kunun kanwa. Dattijo irin Baba ba a sa ran ya kama kunya, nasa shi ne ya tsaya ya sa albarka. Amma makaɗi ya kama kirarinsa, Nomau kuma daga gefe ya ce ai Mai Gandu ya tsufa, bana sai dai kallo, nan take Baba ya tuɓe riga ya miƙa hannu, Sale ya ba shi garmarsa. Ya ja kunya ɗaya samari suna ihu, ya juyo ya kama ta biyu, ina hango shi daga inda nake, sai na ga garmar ta sulale daga hannunsa na dama kamar wanda ya manta yana riƙe da ita. Ya sunkuya zai ɗauka hannun ya ƙi. Sale ne ke kusa, shi ya tare shi, suka zube tare a kwarin kunya. Da na iso bakinsa ya karkace, yana son magana harshe ya ƙi, ido ɗaya yana zubar da hawaye. Makaɗin da ke can ƙarshen gona bai gani ba, ya ci gaba da kirarin har sai da aka je aka riƙe masa hannu.

A ranar an faɗi magana iri uku a zaurenmu. Liman ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri a yi addu'a. Nomau, wanda ya zauna a ƙofar gida yana kuka don yana ganin bakinsa ne ya ja, ya ce Doguwar da ke kukar gonar ce ta shafe shi, a ba shi baƙar akuya ya je ya roƙe ta. Sarkin Aska kuwa sai ya kafa ƙaho a ƙeyar Baba yana kwance, ya juye a sakaina, ya miƙo mana ni da Sale ya ce, "Ga abin da na zo cirewa aka ce in dawo." Maganar Liman ba ta da abin musu, ta Nomau ba ta da wurin zama a gidan Musulmi, ta wanzami kuwa ga ta a sakaina muna gani da ido. Ita muka ɗauka.

Baba ya yi sauran daminar a kwance, ni ke juya shi ina shafa masa man shanu a ɓarin da ya mutu. Abin da ban manta ba, in na riƙe wuyan hannunsa mai lafiya, jijiyar wurin takan tsaya ƙarƙashin yatsana da tauri kamar tsirkiyar baka, tana harbi da ƙarfi, ta gefen goshinsa kuma ta fito fili ta nannaɗe. Na ɗauka alamar ƙarfi ce irin ta manomi. Bai ga ɗaurin dawar da ya shuka ba, abin ya sake buge shi ana gab da girbi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar bakwai na tara mazan gidan, ni ne babba, ga zafin rashi ga jinin ƙuruciya, na ce daga yau duk namijin da ya isa aure a dangin Mai Gandu ba zai ƙetare bazara babu ƙaho ba, ko ana ruwan ƙanƙara, ko yana wane gari sai ya dawo. Na kuwa tsare wannan doka fiye da yadda na tsare dukiyata. Ina aiki a Funtua amma ban taɓa fashi ba. Na taɓa hana wani ɗan baffanmu shiga zaurena har shekara ta zagayo don ya ce shi ɗan boko ne ba a tsaga shi. Kowace shekara kafin in zauna a tabarma sai na ba da labarin sungumi da garma, yaran gidan sun haddace shi kamar karatun allo. Sarkin Aska ya rasu ɗansa ya gada, yanzu jikansa ke zuwa, da safar hannu da sabuwar reza a leda, amma tsamiyar ita ce, jerin kuma shi ne.

Shekarun baya kaɗan na je asibiti a Funtua saboda idona da ya fara hazo, ba don jini ba, domin ni ban ji ciwon kome ba. Kafin a duba idon aka ɗaura mini abin awo a damtse, ma'aikaciyar ta sake ɗaurawa, ta tashi ta kira likita. Likitan sa'an jikana ne amma mai hankali, ya ce Baba jininka ya hau, na ce ba zai yiwu ba, kwanan nan na yi ƙaho. Bai yi mini dariya ba. Ya ce shi ma Musulmi ne, ya san matsayin ƙaho ba zai ɓata shi ba, amma hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin da jinin ke dukan bangon hanyoyinsa ne. Ya ce hanyoyin jini na yaro masu taushi ne, duk bugun da zuciya ta yi sai su buɗe su karɓa su koma, in shekaru suka ja sai su yi tauri su rage buɗewa, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi, ƙarfin turin kuma ya yi ta dukan bangon har ya yi kauri hanyar ta ƙuntata, wato tsufa yana taimakon hawan jini, hawan jini yana gaggauta tsufan hanyoyin. Ƙananan da ke cikin ƙwaƙwalwa da ido da ƙoda su ke fara gajiya, wata ta toshe wata ta fashe, kuma sau da yawa mutum ba ya jin kome sai ranar. Ya ce hazon idona ma da hannun wannan a ciki. Ƙaho kuwa daga fata yake ja, abin da ya ɗiba jiki zai mayar, bai kai ga bangon jijiya ba balle ya tausasa shi. Baƙin da muke gani, in ji shi, jinin kowa aka tara a sakaina aka bari haka zai yi.

Yana magana ni kuwa salka nake gani, irin ta fatar akuya da muke zuwa gona da ruwa a ciki. Sabuwa in ka matsa ta sai ta ba ka hanya, wadda ta daɗe a rana ta ƙeƙashe in ka cika ta ka matsa, ɗinki take nema ta ɓalle. Ka rage mata moɗa guda ba ka mayar da ita sabuwa ba. Na tambaye shi gishiri da kanwa da taba da goro, ya ce duk suna ƙara wa wutar itace. Na miƙa masa wuyan hannuna na ce taɓa nan, ya taɓa, ni ma na taɓa, tsirkiyar nan ce ta Baba ƙarƙashin yatsana. Na ba shi labarin gayya, na ce da an yi ƙahon da bai faɗi ba? Ya ce rai na Allah ne, kuma ba zai yanke hukunci a kan wanda bai auna ba, amma a iya saninsa jijiyar da ta yi shekaru tana tauri, ƙahon yini ɗaya ba zai sake mata hali ba.

Na karɓi magani na kuma riƙe shi da gaske, na rage gishiri na ce wa iyali baki ne ya sauya, na bar goro na ce haƙora ne. Amma ban gaya wa kowa ba in ban da babban ɗana da ke sayo mini. Ƙwayoyin a cikin tsohuwar battar tabar Baba nake zuba su, wadda na gada, duk wanda ya ga ina shafa ta sai ya ce Alhaji yana tuna mahaifinsa. Bazara ta zo na zauna a tabarma kamar kullum, na ba da labarin kamar kullum. Na ce wa kaina ƙaho ba laifi ba ne, kuma shi ke tara zuriya a gida sau ɗaya a shekara, me zai sa in rushe? Gaskiyar ita ce ban iya tsayawa gaban mutanen da na yi wa tsawa tun kafin a haifi iyayen wasunsu in ce fahimtata ce ta gaza ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tawa kam ta yi.

Sale bai taɓa barin ƙauye ba, yana nan a gandun da goronsa da kanwarsa, Baba sak har wuyan. Ɗiyarsa Hajara nas ce a Malumfashi. Da ta zo gida kwanakin baya ta ga yana dafe ƙeya, ta lallaɓe shi ta auna, ta fito tsakar gida ta kama kuka. Da ƙyar ta kai shi asibiti da sunan rakiya, aka rubuta magani, ya karɓa don kada ya kunyata ta a gaban abokan aikinta, suna isowa gida ya wurga ledar kan rumbu. Ya ce mata ƙwayar da in ka fara ba ka bari har kabari ba magani ba ce, bauta ce. Ya ce ita ba ta nan ranar da kakanta ya faɗi, shi a hannunsa ya faɗi, ya san abin da ya kayar da shi. Da ta matsa sai ya nuna gidana ya ce, "Ga Yaya nan, ya girme ni, ya taɓa haɗiyar ƙwayarku? Ga shi garau yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sa'o'insa masu shan ƙwaya duk mun raka su." Hajara ta zo ta durƙusa a gabana ta ce Baba Alhaji kai kaɗai yake ji, ka yi masa magana. Na ce to, zan duba. Battar tana aljihuna a lokacin.

Ana cikin haka Allah ya nuna mini nawa. Wata safiya ina alwala buta ta sulale daga hannuna, yadda garma ta sulale. Na so in kira ɗana harshe ya yi nauyi. Kafin hantsi abin ya sake ni, amma ɗana bai yarda ba ya sa ni a mota. Likita ya ce wannan gargaɗi ne, wata ƙaramar hanya ce ta toshe ta buɗe, ya ƙara mini wata ƙwaya mai hana jini saurin daskarewa, ya kuma ja mini kunne, bana ba tsaga ba ƙaho, domin in aka tsaga ni jinin ba zai tsaya da wuri ba. Muka dawo muka ce wa mutane duba ido muka je.

Hajara da 'yan'uwanta maza sun kawo tasu dabara, wai a riƙa daka ƙwayar ana zubawa a kunun safe na babansu, amma ba za su yi ba sai da izinina. Na sa ta tambayi likita, ya ce bai yarda ba. Ya ce tsoho mai taurin jijiya in ya miƙe tsaye jikinsa ba ya saurin daidaita jinin, wanda ya san yana shan magani zai tashi a hankali, in ya ji jiri ya faɗa a gyara masa, wanda bai sani ba kuwa zai zabura ya shiga rana, ga shi an ɗibi jini, ya je ya faɗi a kan dutse. Ni kuma na hango wani abu bayan wannan. In jinin ya sauka ta kunu Sale zai ce ƙaho ne, yaran gidan su ƙara sakankancewa, alhali a cikinsu akwai magidanta masu furfura da wuya irin na Baba, waɗanda ba su taɓa miƙa damtse an auna ba, don suna ganin suna da rigakafi, kuma ni na ba su shi.

Na gwada, kada ku ce ban gwada ba. Shekaranjiya muna cin tuwo bayan magariba na ce Sale, yaran nan fa da likitocinsu ba su rasa gaskiya. Ya ajiye loma ya dube ni ya ce, "Yaya, tsufa ne ya fara taɓa ka ko Hajara ce ta saye ka da lemo?" Na ce ina nufin mutum ya haɗa biyu, ƙaho da magani. Ya ce wanda ya haɗa biyu bai yarda da ko ɗaya ba. Sa'an nan ya yi ƙasa da murya, abin da bai saba ba, ya ce shi tun ranar gayya yake tuna cewa da hannunsa ya miƙa garmar nan, abin da ya sanyaya masa rai duk shekarun nan shi ne sanin ba garma ba ce, ƙahon da aka ɗaga ne, kuma mun toshe wannan ƙofa, ba mai sake faɗuwa a gidan nan. Ya ce, "Kai ka ɗaure mana wannan, Allah ya biya ka." Hannuna yana kan batta, na fito da ita har rabi, na mayar. Na ce miyar yau ta yi gishiri.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, bana ma ruwa yana neman yin sammako. Hadari yana haɗuwa gabas kowace la'asar yana bajewa, Sale kuwa da ya ɗaga kai ya gani sai ya kasa zama, shi ya aika wa wanzami a matso da ranar zuwa Asabar ɗin nan. Ni ma na kasa zama. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki carbi in ajiye, in tsinci kaina ina taɓa wuyan hannuna a cikin sahu.

Ga inda nake yanzu. In na zauna ranar Asabar na saɓa wa likita, wataƙila jini ya ƙi tsayawa a gaban jikokina, in ma ya tsaya to na sake tabbatar da hujjar da ke hana ƙanena magani. In na ƙirƙiri tafiya ko na ce mura nake, Sale ba zai bari a fara ba, zai sa wanzami ya jira ni, zai kuma bi ni da zabira har inda nake don bai manta abin da ɗagawa ta jawo ba. In kuwa na buɗe batta, na san halinsa, ciwon ba zai zama na ƙaho ba, zai zama na cewa Yayansa ya daɗe yana haɗiyar ƙwaya a ɓoye ya bar shi da goro da kanwa. Mutum ne da in ya yi fushi yake ɗauke akushinsa, ina tsoron fushin kansa ya hau masa da jinin. Ina kuma tsoron in cire ƙaho daga cikin labarin ya rage daga shi sai garma. Kuma tun da an sakaya sunana bari in faɗi wannan ma, akwai wani lungu a zuciyata da har yanzu yake jin muryar Sarkin Aska, yana ce mini shekarar da ka ɗaga ita ce taka. Na ji bayanin likita, na yarda da shi, amma in na shafa ƙeyata sai in ji ta yi nauyi.

Ba na neman a ce mini ƙaho kaza ne ko asibiti kaza ne, wannan na wuce shi. Abin da nake tambaya shi ne, in faɗa masa mu biyu kafin Asabar ya yi fushinsa a ɓoye, ko in bari sai an shimfiɗa tabarma zuriya ta taru, in kwance dokar a inda na ɗaure ta, Hajara ta kawo abin awonta gindin tsamiya, in miƙa damtse ni ne farko kamar yadda aka saba? Na farkon ya fi rufin asiri, amma yana iya ƙi ya kuma roƙe ni kada in faɗa wa sauran, ni kuwa ban taɓa ƙin roƙonsa ba. Na biyun zai kai ga yaran, amma zai ji na tozarta shi a gaban 'ya'yansa. Da wane baki kuma zan ce masa ba garma ba ce, ba ƙaho ba ne, jijiya ce ta gaji tun kafin ranar, har ya yarda ya sa wani ya sauko da ledar nan daga kan rumbu? Masu tsofaffin iyaye, da malamai, da ma'aikatan asibiti da ke cikin zauren nan, ku ba ni abin da kuka sani. Wanda zai ce girman kai ne ya kai ni nan ya huta, na riga shi sani.

Ranar Asabar jikan Sarkin Aska zai buɗe zabira ya gyara tabarma, ya dube ni ya ce bismillah Alhaji, Sale yana zaune bayana ya riga ya cire hula. Me zan ce?